Gigin Tsufa da Agogon da ke Cikin Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram, ko ƙauyukan da ke kewaye da su, ya san gidan da ke da tsohuwar da aka ce ta rikice. Da rana ba ta da fitina, sai gyangyaɗi. Amma da zarar rana ta doshi faɗuwa, almuru ya kawo jiki, sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta ta ce gida za ta, alhali kuwa a ɗakin da aka kawo ta tana amarya take zaune. Can talatainin dare kuma a ji ta tana kiran mutanen da suka daɗe da riga mu gidan gaskiya. Da yake tun muna yara ake koro mu cikin gida da magariba wai iskokai na yawo, ba a wahala wajen yanke hukunci: a ce shafar aljanu ce, ko kuma, abin da ya fi muni, a jefe ta da maita. Mu dai a yau so muke mu nuna cewa wannan lokaci da ciwon ke zaɓa yana da dalili a cikin jikinta.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai saman wurin da jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyi kimanin 20,000, girmansa bai wuce ƙwayar gero ba. Shi ne agogon jiki. Shi ke tsara lokacin barci da farkawa, da hawa da saukar zafin jiki, shi ne kuma ke ba da umurni a saki sinadarin melatonin idan duhu ya yi, don jiki ya san dare ya shiga. Zagayensa ya ɗan haura awa 24, saboda haka kullum sai an daidaita shi, kuma babban mai daidaita shi hasken safiya ne da ke shiga ta ido. A 2017 ne aka ba wasu masana uku na Amurka, Hall da Rosbash da Young, kyautar Nobel saboda gano yadda irin wannan agogo ke aiki, a jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace.

To, ciwon Alzaima, wanda shi ne ya fi kowane haddasa gigin tsufa, yana lalata wannan curi. Melatonin ya ragu, dare da rana su cakuɗe. Ga gajiyar yini, ga haske ya dusashe har inuwar turmi ta zama mutum a idonta. Ina mamaki don ta ruɗe da magariba?

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hanyar ba ɗaya ba ce, tafiya ce da dawowa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka ba da rahoton cewa a jikin ɓeraye, lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke dattin amiloyid, wato abin da ke daskarewa a ƙwaƙwalwar mai Alzaima. A 2018 kuma, a St. Louis, aka ga mutanen da hankalinsu garau yake amma dattin ya soma taruwa, tuni barcinsu da farkawarsu sun tsittsinke. Sannan a 2021 aka fitar da sakamakon bin ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 na birnin Landan har tsawon kimanin shekara 25: waɗanda suka ɗore a kan barcin awa 6 ko ƙasa da haka daga shekara 50 zuwa 70, haɗarin gigin tsufa gare su ya ɗara na masu awa 7 da kashi 30 cikin 100. (Masu kwana karatu da kofi idan jarrabawa ta matso, ba da ku aka yi binciken ba, amma hali zanen dutse.) Kada a ce ciwon Turawa ne: binciken da aka buga a 2011 kan tsofaffi a Zariya ya sami kusan 3 cikin 100 suna ɗauke da shi.

Yanzu mu dawo gida. A 2008 aka buga wani gwaji da aka yi a gidajen kula da tsofaffi 12 a ƙasar Holan, inda aka kafa fitilu masu ƙarfi ana kunnawa da rana, aka ga ɗan sauƙi a ruɗewa da ƙuncin ran mazauna. Su sai da suka sayi fitila. Mu kuwa a kudancin Jigawa rana ba ta yi mana rowa, tsawon yininmu ma bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina. Amma me muke yi? Da tsohuwa ta soma rikicewa sai a mai da ita ƙuryar ɗaki mai 'yar taga kamar tafin hannu, wai don sutura, kada ta ba da mu a gaban baƙi. Hasken tsakar gida, ko a inuwar darbejiya ne, ya ninka na irin wannan ɗaki sau ɗari ko fiye. Watau da hannunmu muke raba agogon da abin da ke daidaita shi, muna kiran hakan girmamawa. Kakanninmu da suke fitowa shan hantsi a bakin zaure sun fi mu dabara.

Wannan ba ya warkar da ciwon, amma yana iya saya wa gida barcin dare. A fito da ita bayan an karya kumallo. Abinci ya zo a kan lokaci, yadda salloli biyar ke zuwa. Ƙailula ta zama gajera, goro da shayi su tsaya daga la'asar, a kunna fitila tun kafin a kira magariba. Maganin barci na kanti kuwa a guje shi, domin yakan ƙara wa tsoho ruɗewa, ya kuma kayar da shi. In kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko wani magani da ta sha, waɗanda duk ana magance su. Ranar nan ya kamata a kai ta asibiti, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu.