Idan Ɗan'uwa Ya Rasu a Ɗaki: Abin da Ya Kamata Mu Sani

  

Iyayena, malamaina, 'yan'uwana mazauna Ard al-Liwa, ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma hidimar jana'iza ta kai ni ofisoshi da yawa, shi ya sa aka ce in yi magana yau.

Wani hunturu, wani saurayi ya rasu a banɗakin shaƙƙarsu. Abokan zamansa suka tsorata saboda takardunsu sun ƙare. Suka ɗauko shi suka kwantar a katifa, suka goge ɗakin, suka kwashe jakarsa da wayarsa, suka watse. Da hukuma ta zo, ba fasfo, ba mai cewa ya san shi. Gawarsa ta yi makonni a firji kafin mu tabbatar da sunansa, mahaifiyarsa kuwa tana can gida tana kiran lambar da ba a ɗauka. Ba mugunta suka yi ba, rashin sani ne.

Ga yadda tsarin yake a Masar. Dokar ƙasa ta ce a kai rahoton mutuwa cikin awa 24. Idan rasuwar ta ciwo ce sananne, likitan ofishin lafiya na unguwa yana duba mamaci a ba da izinin binnewa. Idan akwai shakka, kamar mutuwar fuju'a ko rauni ko gawar da ba a san mai ita ba, maganar tana komawa hannun Niyaba, wato masu gabatar da ƙara. Su ke tura gawa ga likitocin shari'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, galibi a mutuwaren Zeinhom da ke Sayyida Zainab, kuma su ke ba da izinin sutura.

Me likitan ke dubawa? Jiki yana fara sandarewa 'yan awoyi bayan fitar rai, ya cika sandarewa wajen awa 12. Jini kuma yana gangarawa ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, ya bar tabo a fata. Da waɗannan ake ƙiyasta lokacin rasuwa da yadda mutum ya kwanta. In muka juya gawa ko muka wanke ta, mun rikita lissafin, har a iya zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Hayaƙin sakhan na gas, wanda ke kashe mutane a banɗaki duk hunturu, ba shi da wari, amma yana barin fata ja-ja, kuma gwajin jini yana nuna shi. Wannan shaidar ita ke wanke abokan zama.

Sai maganar yatsu. Zanen da ke kan yatsunmu tun muna cikin uwa yake samuwa, kuma tsarinsa ba ya canzawa har kabari. Ko tagwaye masu kama ɗaya nasu ya bambanta. Aya ta 4 a Suratul Ƙiyama ta ambaci kan yatsu, malamai suna nan za su ƙara mana bayani. Zanen kashi uku ne: mai lanƙwasa, wanda ya fi yawa, da mai zagaye, da mai kama da baka, wanda ya fi ƙaranci. Masana suna kwatanta inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu. Tun 1892 aka kama mai kisa da wannan hanya a Ajantina.

Amma ku riƙe wannan: zanen yatsa ba ya faɗin suna da kansa. Sai an samu wanda aka ɗauka a baya an kwatanta. Ɗan Najeriya da ya yi fasfo ko NIN ko BVN ya dangwala yatsunsa a wani wuri. Wanda bai taɓa yin rajista ko'ina ba, kuma ba mai shaidarsa, zai iya ƙarewa a makabartar sadaka da sunan majhul. Matarsa ba ta san ranar fara takaba ba, ba a raba gado ba, 'ya'ya ba su san ko su marayu ba ne.

Don haka ina roƙonmu abu huɗu. Idan ka tarar da ɗan'uwa ya faɗi, buɗe taga, ka rufe gas in akwai, ka kira motar asibiti a 123. Idan an tabbatar rai ya yi halinsa, kada a motsa shi, kada a share komai, a kira 'yan sanda a 122, a sanar da dattawa su tsaya tare da ku. Kada a ɓoye fasfonsa da wayarsa, da su ne ofishin jakadanci zai yi aiki. Sannan kowa yau ya ba amintaccensa kwafin fasfonsa da lambar mutum biyu na gida.

Gaggauta sutura sunna ce, kuma wanda ya bar shaida yadda take, shi ya taimaka aka gaggauta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu cika da imani, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.