Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe



An ce in yi magana kan yadda mutumin karkara zai samu maganin ciwon daji. Zan fara da maganar da kowa a ɗakin nan ya taɓa ji daga bakin kakarsa ko gwaggonsa, wai daji ba ya son ƙarfe. In aka yi masa allura ko aka sa masa wuƙa, sai ya fusata ya bazu. Mu 'yan asibiti mun saba mu ce jahilci ne, mu wuce. Ni dai na daina faɗin haka, domin mutanen ƙauye abin da idonsu ya gani suke faɗa.

Mace ta ji kullutu a mamanta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya zafi. Tana goyo, sai a ce nono ne ya kwanta. A jiƙa saiwa a sha, a shafa. Damina ta wuce, abu ya kai lemon tsami. Ta je asibitin sha-ka-tafi, a haɗa ta da kafso na mako biyu. Kuɗin motar birni kuwa sai an yi kaka an sayar da wake. Kafin nan ya fashe, kaluluwa ta fito a hammata. A yi mata aiki, ta dawo gida, bayan 'yan watanni a kai ta makwancinta. To me maƙwabta za su ce? Ƙarfe ya taɓa ta.

Wata rana wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta kwance haɓar zani ta miƙo mini takarda, ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Wata bakwai ke nan da aka rubuta a ɗebi tsoka a gwada. Na ce, "Inna, me ya hana ku zuwa?" Ta ce, "Likita, ai mun zo, har sau biyu. Aka ce mai yin ba ya nan."

A nan muke rasa mutane, tsakanin jin kullutu da fitowar sakamako. Ɗibar tsoka da allura aikin 'yan mintoci ne, likitan babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya in an koya masa. A sa a kwalba da ruwan fomalin, mota ta kai wa masu duba tsoka a asibitin koyarwa, amsa ta dawo ta waya. Kwalba ba ta biyan kujera biyu, ba ta neman izinin miji, ba ta barin yara biyar a gida.

An gwada irin wannan a Ruwanda. A 2012 ma'aikatar lafiyar ƙasar, da ƙungiyar Partners In Health da cibiyar Dana-Farber ta Amurka, suka buɗe cibiyar daji a Butaro, can cikin duwatsu kusa da iyakar Yuganda. Ba su jira sai sun tara ƙwararru ba. Likitocin gama-gari da nas-nas ke ba da kemo bisa rubutattun ƙa'idoji, suna shawara da ƙwararru na Boston, ana aika hoton tsoka ta intanet. Mara ƙarfi kuma a taimaka masa da kuɗin mota da abinci, don sun gane wanda ya rasa kuɗin dawowa zagaye na uku, na ɗaya da na biyun ma sun tashi a banza.

Sankarar bakin mahaifa ta fi sauƙin tarewa. Nas ta shafa ruwan binega, ta jira minti ɗaya. In wurin ya yi fari, akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙone shi nan take kafin ya zama daji. Ga kuma rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan sankara, wanda Najeriya ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi suna cikin rukunin farko. Sai dai yarinyar da ba ta zuwa boko, a Islamiyya ko wurin talla za a same ta, kuma sai uwarta ta yarda. Wannan aikin malamai ne da masu unguwanni fiye da namu.

Bari in ɗan ratse. A garuruwan bakin dam da fadama har yau akwai masu ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya girma. Tsargiya ce, kuma in ta daɗe tana jawo dajin mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai araha.

Abin da ba zai zo ƙauye ba shi ne na'urar gashi. Tana manyan birane irin su Zariya da Sakkwato da Abuja; Nijar ma sai a 2021 ta samu tata ta farko a Yamai. Gashin ba zuwa ɗaya ba ne, kwana biyar ne a mako, har mako biyar ko fiye. Ina matar da ta taso daga ƙauye za ta kwana, ita da mai jinyarta? Na ga masu shimfiɗa kwali a barandar asibiti cikin hunturu, na kuma ga waɗanda suka tattara kwanukansu a mako na biyu saboda garin da suka zo da shi ya ƙare.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa, kakanninmu fatake sun yi ta safarar goro daga Gwanja ne saboda kowane zango akwai mai masauki. Roƙona, kowace masarauta ta kama gida ɗaya kusa da asibitin gashi, ɗaki huɗu ko biyar, da murhu da ruwa, a zuba masa hatsi daga zakkar kaka. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su ware rana ɗaya a mako ta ɗibar tsoka, a shelanta ta a kasuwa da masallaci, a tabbatar mai yin yana nan.