Agogon Gadi a Kanel ɗin Linux: Amfaninsa ga Na'urorin da ke Aiki Nesa da Injiniya a Ƙonni, Malbaza da Illela



Gabatarwa

Gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tahoua suna cikin yankunan da na'urori ke ƙara shiga rayuwar yau da kullum. Ga masana'antar siminti a Malbaza, ga tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a garin a 2018, ga asibitin Galmi, ga filayen noman rani na Ƙonni, ga turakun sadarwa da ke tsaye a bakin hanyoyi. Irin waɗannan wurare ba sa rasa ƙananan kwamfutoci masu auna wuta, ko kula da famfo, ko tura bayanai. Zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wuta kuma tana rawa, musamman kamar yadda aka gani bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023. Duk waɗannan suna iya sa kwamfuta ta daskare. Idan ta daskare da tsakar dare, ƙwararren da zai duba ta kuwa yana Yamai, fiye da kilomita 400, wa zai tayar da ita? Amsar ita ce agogon gadi. Abin da takardar nan ke son tabbatarwa shi ne: amfanin agogon yana rataye ne ga wanda aka ɗora wa alhakin yi masa magana.

Yadda agogon ke aiki

Agogon gadi ƙaramin ma'ƙirgi ne a cikin ƙarfen na'ura, yana ƙirga lokaci zuwa ƙasa. Dole manhaja ta riƙa maido shi farko kafin ya kai sifili. In ya kai, sai ya kashe na'urar ya sake kunna ta. Kamar maigadin rumbun albasa ne da maigida ya ce masa: in ka ga lokaci kaza ya wuce ba ka ji muryata ba, ka ɓalle ƙofa. Nagartaccen agogo yana da nasa bugun daban, kamar IWDG na guntayen STM32, don haka ko ƙwaƙwalwar na'ura ta tsaya, shi yana nan yana ƙirge.

Aikin direba a cikin kanel

Kowane kamfani da irin agogonsa, don haka kanel, wato zuciyar tsarin Linux, yana buƙatar direba, ƙaramar manhajar da ke magana da kowane irin agogo. A Linux, direban iTCO_wdt ne ke kula da na Intel, sp5100_tco na AMD, bcm2835_wdt kuma na Raspberry Pi. Tun daga Linux 3.1 a 2011 aka samar da ginshiƙi guda da direbobin ke hawa. Direba yana bayyana ayyukansa kawai, wato kunnawa, kashewa, maidowa da saita wa'adi, kanel kuma ya fito da fayil ɗin /dev/watchdog ga sauran manhajoji.

Da zarar manhaja ta buɗe fayil ɗin, agogo ya fara ƙirga. Duk rubutun da ta yi a ciki, ko umarnin WDIOC_KEEPALIVE, yana maido shi farko. In tana son tsayar da shi da gangan, sai ta rubuta harafin V kafin ta rufe fayil ɗin. In ta rufe ba tare da harafin ba, kanel zai ɗauka mutuwa ta yi, ya bar agogo ya ci gaba. Akwai kuma zaɓin nowayout, wanda ke hana tsayar da agogo ta kowace hanya bayan an kunna shi. Na'urar da ke daji, wannan zaɓi ne ya dace da ita.

Wasu agogunan wa'adinsu gajere ne; na Raspberry Pi bai wuce daƙiƙa 16 ba. A nan kanel yana iya maido agogon a madadin manhaja har wa'adin da ta nema ya cika, daga nan ya daina maido shi. Haka ma in manhajar tayar da na'ura ta riga ta kunna agogo, kanel yana riƙe shi har sauran tsarin ya gama tashi. Wasu direbobin kuma suna ba da gargaɗi 'yan daƙiƙu kafin yankewa, domin kanel ya samu damar ajiye bayanin halin da yake ciki.

Inda ake yin kuskure

Kuskure mafi yawa shi ne a rubuta 'yar manhaja da ba ta da aiki sai maido agogo. Manhajar famfo za ta iya mutuwa tun safe, ita kuwa wannan tana ta shaida cewa lafiya lau. Gyaran shi ne a ɗaure maidowar da ainihin aiki: an karanta ma'auni? An tura bayani? A tsarin systemd, RuntimeWatchdogSec yana sa systemd ya riƙa maido agogon ƙarfe, WatchdogSec kuma yana tilasta wa duk manhajar da aka saita mata shi ta riƙa sanar da systemd tana raye. Ta haka gadi ya zama hawa-hawa, daga manhaja har ƙarfe.

Kuskure na biyu shi ne dogara ga softdog, agogon da ke cikin kanel kansa. In kanel ya daskare ɗungurungum, tare za su daskare.

Na uku shi ne rashin bin diddigi. Kumbon Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars a Yulin 1997 ya riƙa sake kunna kansa, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki ke jira. Tsarin gadin ya hana kumbon daskarewa, amma injiniyoyi ne suka bi sawu, suka gano dalili, suka aika gyara daga ƙasa. Mu ma umarnin WDIOC_GETBOOTSTATUS, a direbobin da ke goyon bayansa, yana faɗa mana ko agogo ne ya tayar da na'ura. Na'urar da ke sake tashi kullum tana da ciwo, ko zafi ne, ko batir, ko manhaja. Agogo ba ya maido wutar da aka ɗauke, ba ya gyara allon da ya ƙone.

Kammalawa

Shawarwarina uku ne. Na farko, duk hukuma ko kamfani da zai sayi na'ura don yankinmu ya sa sharaɗin agogon gadi na ƙarfe a cikin kwangila, a gwada shi a gaban ma'aikata ta hanyar daskarar da na'urar da gangan. Na biyu, a riƙa rubuta kowace sake kunnawa da lokacinta, a duba rajistar a kai a kai. Na uku, jami'ar Tahoua da cibiyoyin koyon sana'a su sa wannan darasi cikin karatunsu, tunda Raspberry Pi guda ya isa a koyar da shi daga farko har ƙarshe. Ina kira ga matasan injiniyoyinmu na Ƙonni, Malbaza da Illela da su rungumi wannan ilimi, domin kula da na'urorin yankin ya dawo hannunsu.