Hoton gaban gem ɗin ban tsoro: yadda ake sa babban yatsa ya tsaya

 'Yan'uwa na Fammar, Kibiya, Rano da duk inda ake bibiyarmu, ina gaisuwa. Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau hirar tamu a kan hoto ce, hoton da ake sa wa gem a shagon intanet irin Play Store ko Steam, musamman gem ɗin ban tsoro. Na san wani zai ce, "To Malam, mu da muke fama da koyon haɗa gem ɗin ma, ina ruwanmu da hoto?" Tsaya ka ji lissafi. A 2023 kaɗai an saki gem sama da 14,000 a Steam, kusan 40 ke nan kullum. Kafin ka sa naka a can sai ka biya dala 100, Play Store kuma dala 25 ne kuɗin buɗe asusu. Ka mayar da wannan naira, ka haɗa da kuɗin data da na caji da watannin da ka kwashe kana aiki. Mai saye fa bai san an yi wannan wahalar ba. Ɗan hoto kawai yake gani, wanda bai kai kwalin ashana ba, yana wucewa ƙarƙashin yatsansa. In bai tsaya a nan ba, to shi ke nan, an wuce ka.

Mu nan idonmu ya saba da fostar fim. Wanda ya san Ƙofar Wambai lokacin kaset da faifan CD zai tuna yadda ake jera fuskoki biyar, shida a fosta ɗaya. Hakan ya yi aiki, domin fuskar ce ke sayar da fim: a ga Ali Nuhu, a sa hannu a aljihu. Kuma fosta ce babba a bango, kana iya tsayawa ka ƙare mata kallo. Kai gem ɗinka ba shi da jarumin da aka sani, ba shi kuma da bango. Ƙaramin hoton da Steam ke nema fiksel 462 ne a 174, kuma suna ƙara matse shi har ya koma 120 a 45 a wasu wuraren. Tambarin Play Store 512 ne a 512, amma a waya bai wuce farcen babban yatsa ba. In ka cusa dodo da gida da wata da jini da mutum uku suna gudu a wannan ɗan fili, fate-fate kawai mutane za su gani.

Saboda haka ka zaɓi tsoro guda ɗaya. Ɗaya tak. Ku dubi Granny, gem ɗin da ƙannenmu ke bugawa suna ihu: fuskar tsohuwar nan ce kawai, kuma ko daga nesa ka hango ta ka san me ke ciki. Ko ku nemo fostar fim ɗin Jaws na 1975. Mace tana iyo a saman ruwa hankali kwance, ƙaton kifi yana tasowa daga ƙasa baki buɗe. Babu jini, bai ma taɓa ta ba tukuna. Kai mai kallo ka san abin da ita ba ta sani ba, kuma wannan sanin ne ke tayar maka da tsigar jiki. Hoton ban tsoro mai kyau daidai nan yake tsayawa, saura ƙiris abin ya faru.

Bari mu ɗauki misali. A ce kana Fammar, ka haɗa gem ka sa masa suna "Bayan Magariba": yaro ne aka aika da almuru, hanya ta bi da shi ta wani kango mai tsohuwar rijiya. Me za ka sa a hoto? Da yawa za su ruga su ɗauko ƙoƙon kan mutum da jemage da gidan Turawa mai bene, irin wanda gem dubu suka riga suka sa. Ni da zan ba ka shawara, sai in ce ka zana bakin rijiyar, hasken tocila ya faɗa a kai, igiyar guga kuma ta miƙe tsam kamar ana janta daga ciki. Ba kowa a wurin. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san igiya ba ta miƙewa haka sai da nauyi. To wa ke riƙe da ita? Wanda ya yi wa kansa wannan tambayar ya riga ya danna.

Kar ku raina abin da muke da shi. A 1999 kamfanin Konami ya saki Silent Hill. Na'urar PlayStation ta lokacin ba ta iya nuna abu mai nisa sosai, sai suka lulluɓe garin da hazo, hazon nan kuma ya zama abin da aka fi tuna gem ɗin da shi. Mu kuwa duk Disamba da Janairu hazo kyauta yake sauko mana. Ka fita da sassafe ka ga yadda kuka ke tsaye cikinsa kamar mutum ya ɗaga hannuwa, ko yadda duwatsun ƙasar Rano ke ɓacewa rabi. Ga tsamiyar da aka hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana, ga asabarin da ke motsi babu iska. 'Yan Indonesiya sun gane wannan. A 2014 wani ƙaramin kamfani a birnin Bandung ya fitar da DreadOut, labarin 'yar makaranta da ke fuskantar fatalwowi da kyamarar waya. Fatalwowin nasu ne na gida, har da wadda suke kira pocong, gawa a naɗe cikin likkafani. Mutanen da ba su taɓa zuwa ƙasar ba sun buga shi, domin ba su saba ganin irinsa ba.

Sai maganar duhu, inda ƙafar mutane da yawa ke zamewa. Tunda gem ɗin na dare ne, sai a yi hoton baƙi ƙirin. To shafin Steam shi ma mai duhu ne, masu waya da yawa kuma sun mayar da allonsu baƙi, sun rage haske don batir. Hotonka sai ya narke ya ɓace. Dole a samu wuri ɗaya mai haske da ido zai fara sauka: tocila, fitilar ƙwai, farin ƙyalle. Kala biyu ko uku sun isa.

Sunan gem ɗin kuma ya karantu. Irin rubutun nan mai ɗigar jini yana burgewa a babban allo, amma da an matse shi sai ya koma tafiyar tsutsa. Ka zaɓi haruffa masu kauri. Kuma mu Hausawa muna da tamu matsalar: yawancin salon rubutun da ke cikin PixelLab ko Canva ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Ka duba tun kafin ka yi nisa, in babu ka zana lanƙwasar da hannu. Kar gem ɗinka mai suna "Ɗaki" ya fita duniya a matsayin "Daki". Ka kuma san dokar shago. Tun Satumbar 2022 Steam ya hana rubuta maki ko kyaututtuka ko ragin farashi a kan hoton gaba, Play Store kuma ya taƙaita suna ga haruffa 30.

Abu na gaba, gaskiya. Kar hoton ya yi alƙawarin abin da babu a ciki. Yanzu kowa na iya sa AI ya zana masa dodo kamar na fim ɗin Amurka, a shiga gem a tarar da wani abu daban. A Steam, wanda ya saya yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai buga awa biyu ba, ya kuma bar maka sharhin da zai kori na bayansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun farkon 2024 ma sai ka bayyana musu in ka yi amfani da AI.

Akwai kuma iyakar da nake roƙonku kar ku tsallake. Kar ka ɗauki hoton wata tsohuwa ta gaske a unguwa ka mayar da ita mayya. Kun san yadda zargin maita ke yi a garuruwanmu: wasa ne a wurinka, ita kuwa yana iya raba ta da mutuncinta, har da ranta. Haka gidan wani da kowa ya sani, ko maƙabartar gari. Ayar Alƙur'ani ma ba kayan ado ba ce, a bar ta inda take.

In ka gama, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka matse hoton ya koma kamar farce. Ka cire masa kala ya zama fari da baƙi, ka ga ko har yanzu ana gane siffar. Ka tura shi wata ƙaramar Itel mai fasasshen gilashi, ka fita da ita rana tsaka. Sannan ka nuna wa mutum biyar da ba su san aikin ba, daƙiƙa biyu kacal, ka kife wayar. Tambaya uku za ka yi: me ka gani, mene ne sunan, wane irin gem ne? In mutum uku suka yi inda-inda, koma ka rage kaya. Kuma don Allah kar ka tambayi abokinka na kusa ko ya yi kyau, cewa zai yi ya haɗu.

Aikin wannan makon: kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya tsorata shi yana yaro, ya yi masa hoto ɗaya, babu jini, babu dodo a fili. Ku turo, za mu zaɓi guda uku mu warware su a shiri na gaba. Wanda ya amfana ya tura wa ɗan'uwansa. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu, na bar ku lafiya.