Idan Kaji Suka Fara Mutuwa a Unguwa: Jawabi a Taron Reshe, Sifawa

 

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ƙungiyar malamai da zancen kaji, alhali ga batun albashi da ƙarin girma yana jiranmu? Amsar tana cikin gidajenmu. Da wuya a sami gidan malami a Sifawa ko Boɗinga ko Shagari da ba a kiwon kaji ko zabi, kuma galibi na iyalanmu ne. Su ne asusun da ake buɗewa idan wata ya yi nisa: a kama zakara a sayar, a sayi littafi ko a ɗinka wa yaro kayan makaranta. Haka yake a gidajen ɗalibanmu. Amma da hunturu ya kankama, sai a wayi gari akurki ya zama kango cikin mako guda, a ce iska ce.

Ba iska ba ce. Mafi yawan lokaci cutar Niyukasil ce, wadda ke sa kaza ta takure, ta yi koren zawo, numfashi ya gagare ta, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Sai dai akwai wadda ta fi ta haɗari, wato murar tsuntsaye, kuma alamominsu sun yi kama ƙwarai, har likita ma ba ya yanke hukunci sai an kai samfuri ɗakin gwaji. A nan matsalar take, domin ita murar tsuntsaye tana iya kama ɗan Adam. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta yi ajalin wata matashiya a Legas. Ta lafa, sannan ta dawo a 2015 ta Kano da Legas.

Mun san abin da ake yi a gidajenmu idan kaza ta fara gyangyaɗi. A yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, a ba yara su fige. Sauran da ke tsaye da ƙafafunsu kuwa a zuba su a kwando a nufi kasuwa, a karya kuɗi a rabu da su. Ba mu zargin mai yin haka da mugunta. Talaka ne yake ƙoƙarin tsira da ɗan abin da ya rage. Amma kwandon nan shi ne dokin da cutar ke hawa daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma wanda ya sayi araha ya kai wa kajinsa ajali. Tsoron hukuma ma yana da tushe. A 2006 diyyar da aka fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza da aka kashe, masu kiwo da yawa suka ga ba ta kai ba, suka gwammace su yi shiru. Shirun bai ceci kowa ba.

Mu malamai muna da wata dama da jami'in dabbobi ba shi da ita: mu muke fara jin labari. Yaro ɗan aji uku ba ya ɓoye cewa kajin innarsa goma sun mutu jiya, kuma idan yara uku daga unguwa ɗaya suka faɗi haka a mako guda, to annoba ta shigo. Bai kamata labarin ya tsaya a bakin allo ba. Mu sanar da shugaban makaranta a ranar, shi kuma ya isar ga mai unguwa da jami'in kula da lafiyar dabbobi na sashen noma a ƙaramar hukuma. A faɗa musu kaji nawa suka mutu, yaushe aka fara, da ko an shigo da sabuwar kaza daga kasuwa. Su ke da hanyar kai samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ga kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kusa da mu.

Kafin su iso, a ware marasa lafiya, a kulle masu lafiya, kada tsuntsu ya fita daga gidan ko ya shiga. Agwagi ma a tsare su, domin sukan ɗauki murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama ba. Mushen kaza ba na bola ba ne, inda kare da ungulu za su ja shi. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Yara kuwa a raba su da wannan aiki gaba ɗaya. Wanda ya yi zazzaɓi da tari bayan ya taɓa irin waɗannan kaji, ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Kafson da ake fasawa a ruwan sha da barkonon da ake jiƙawa ba sa kashe waɗannan cututtuka biyu. Ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci. Abin da ke aiki ga Niyukasil shi ne rigakafi, kuma akwai irin wanda ake ɗigawa a idon kaza, mai jure zafi fiye da sauran, ana maimaita shi bayan wata uku zuwa huɗu. Mai lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, saboda haka muna ba reshe shawara ya sa maganar a taron iyaye da malamai na kowace makaranta kafin kaka ta wuce, a haɗa gidaje a yi karo-karo, a gayyato jami'i ya yi wa unguwa a rana ɗaya. Wanda kuma ya sayo sabuwar kaza, ya ajiye ta gefe mako biyu kafin ya haɗa ta da na gida.

Muna roƙon sakatare ya nemo lambar wayar jami'in dabbobi na kowace ƙaramar hukuma, a liƙa ta a ofishin kowane shugaban makaranta kafin taronmu na gaba.