Me Ya Sa Akwatin React Ke Ɓacewa Ɓat?

Tambayar yau: ka sa wa akwatin saƙo motsin fita a React, amma ana rufe shi sai ya ɓace ɓat, mai aiki kuma na jira. Ga dalili: da sharaɗin ya koma false, React na cire akwatin daga shafi nan take, to me zai motsa? Ni da Framer Motion nake gyarawa. Ku saka akwatin cikin AnimatePresence, ku ba shi key nasa, ku rubuta exit. Amma fa AnimatePresence ya zauna a wajen sharaɗin, in ba haka ba tare za su tafi. Ku gwada, ina jiranku a kwament.