Jawabi a Walimar Yaye Ɗalibanmu na Kemistiri, Trans-Amadi

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugabannin 'yan kasuwa da na mahauta, iyayenmu mata, manyan baƙi.

Alhamdu lillahi, bana ma 'ya'yanmu sun fito daga Jami'ar Fatakwal da Jami'ar Jihar Ribas da sakamakon da ba mu jin kunyarsa. Allah Ya yi musu albarka.

Ɗaya daga cikinsu ta yi bincikenta kan abin da zan kira ma'auratan da aka hana tarewa. Tun 1923 Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana cewa wani sinadarin bayar da ilektaron biyu yake yi, wani kuma karɓa, sai su haɗe. A 2006 Douglas Stephan a Kanada ya jibga wa fosfaras da boron kaya har suka kasa kusantar juna. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka huce kan iskar haidirojin, suka raba ta biyu, aikin da a da sai ƙarfe irin falatinam. Daga baya aka gano wani lokacin ilektaron ɗaya tak ke tsallakawa, kowane ɓangare ya zama gwauro. Gwauro kuwa, jama'a, kun san ba ya zama wuri ɗaya, ko me ya samu sai ya kama.

To, yarinyar nan a takarda kawai ta yi aikinta. Sinadaran ba su shiri da iska ko danshi, sai cikin rufaffen akwati mai safar hannu, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin ubanta. Ga matatar mai da kamfanin takin zamani a Eleme, a bakin ƙofarmu, amma ɗan Bahaushe sai dai gadi da dako?

Bara a wannan wuri aka yi alkawarin asusun karatu. An yi kabbara, an ɗauki hoto. Har yau littafin ma'aji fari fat! Mai sauke tirelar shanu duk mako ba zai ce mana babu ba. Alkawari kaya ne. Ma'aji, kawo littafin nan gaban Sarki, da teburin gaba za mu fara, kafin a raba abinci.